Gwangwanin iri ɗaya muka raba da mijin yayata: nasa tumatir ya yi, nawa ya yanƙwane. Ina matsalar take?

Tela mai lambu, Kurna:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni ɗinki ne sana'ata, amma ina da ɗan lambu a Kwakwaci wanda muka gada wurin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Latas da alayyafo da lansir na fi yi, sai gauta da attaruhu a gefe. Bana na ce bari in taɓa tumatir na damina, don duk mai shiga Yankaba ya san yadda kwando yake tashi da zarar na rani ya ƙare.

Mijin yayata yana noma a wajen Kura. Muka haɗa kuɗi muka sayi gwangwanin irin waje mai tsada, mai shagon ya karanta mana abin da ke jikinsa cewa yana jure cutar yanƙwanewa ta bakteriya. A shagona muka buɗe shi, da cokalin shayi muka raba. Kusan lokaci ɗaya muka zuba, kusan lokaci ɗaya muka dasa.

Nawa ya taso gwanin sha'awa har ya fara fure. Daga nan sai in ga idan rana ta take wasu sun langaɓe, da asuba kuma sun miƙe. Kafin mako ya zagayo sai su kwanta gaba ɗaya, kuma ganyen kore shar, ko rawaya bai yi ba. Ya fara daga fangalin da ruwa yake fara shiga, ya bi hanyar ruwan yana ci. Na ƙara ban ruwa, abin ya ƙaru. Na fesa maganin nan mai ruwan shuɗi, kamar ma ina yi masa kirari. Kada wani ya ce mini sharon ce, na san sharon tun 2016, ita ganye take fafakewa ta huda 'ya'yan. Wannan daban ne.

Shi kuwa mijin yayata yanzu haka ɗiba yake yi. Da na kira shi ya ce ko goma ba su mutu masa ba.

Na koma wurin mai shago raina a ɓace. Yaronsa ya ce wai cutar kala-kala ce, ta wani wuri ba irin ta wani wuri ba ce. Ni dai na ɗauka maganar kare kai ce. To ku masu ilimin abin, ku raba mana gardama. In irin jabu ne, me ya sa nasa ya yi? In na gaske ne, me ya sa nawa ya mutu? Kuma da gaske cuta mai suna ɗaya tana da kala-kala?

Tsohon manomi, Gama:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya mayar da alheri. Ni tun kafin a haife ka nake ban ruwa a bakin rafin nan, kuma abin da ka faɗa na gan shi ba sau ɗaya ba. Mu ba mu san bakteriya ba, cewa muke ƙasa ta gaji da tumatir. Iyayenmu ba sa dasa tumatir inda aka cire gauta ko barkono, sai sun sa masara ko albasa a tsakani. Kai kuma da bakinka ka ce gauta da attaruhu ne a gefe. Sannan ruwan da muke ban ruwa da shi duk ƙazantar gari a cikinsa take, ga ta masana'antu. Kada ka haɗa shi da ruwan Tiga da suke sha a Kura. Ni a ganina ka bar mai shago ya sarara, ka duba ƙasarka da ruwanka.

Malamar ɗakin gwaji:

Sannu Yaya Tela, Allah ya kiyaye gaba. Baba na Gama, a gaishe ka, maganarka akwai ƙamshin gaskiya sosai, zan dawo kanta.

Kafin mu yi nisa, Yaya, ka tabbatar mana da cutar tukuna, don akwai wata ta naman gwari mai suna Fusarium da ita ma take yanƙwanar da tumatir, sai dai ita ganyen ƙasa take fara mayarwa rawaya, sau da yawa ma gefe ɗaya na shukar. Ka samu kofin gilashi mai haske ka cika da ruwa mai tsabta. Ka ciro shuka ɗaya da ta fara langaɓewa amma ba ta bushe ba, ka wanke gindin, ka yanke karan da sabuwar reza kaɗan sama da saiwa. Ka rataya guntun yadda bakin yankan zai nutse a ruwan, kada ka motsa kofin. Ka jira minti 5 zuwa 10. In ka ga wani farin abu yana zirarowa zare-zare daga bakin yankan yana sauka ƙasa, to bakteriya ce. Fusarium ba ya yin haka. Ka dawo ka gaya mana.

Tela mai lambu, Kurna:

Malama, na yi yau bayan la'asar. Wallahi ko minti uku ba a yi ba ya fara zubowa, har ruwan ya yi fari-fari daga ƙasa. Na gwada da lafiyayye daga can ƙarshen lambu, shi ruwan garau ya tsaya. Cikin karan mai cutar kuma ya yi ruwan ƙasa-ƙasa. Maƙwabtana na lambu duk sun taru suna kallo. Yanzu sai ki faɗa mini maganar kala-kalar nan, don ita ce ta tsaya mini a rai.

Malamar ɗakin gwaji:

To Yaya, wannan alamar bakteriyar da ake kira Ralstonia ce. Abin da ka gani yana zuba miliyoyin ƙwayoyin ne tare da yauƙin da suke fitarwa. Ta saiwa suke shiga, su cika jijiyoyin da ruwa yake bi ya hau sama, su toshe su. Shi ya sa shukar take mutuwa da ƙishirwa alhali gindinta a jiƙe yake, shi ya sa kuma feshi a ganye bai yi maka komai ba.

Yaron shagon kuwa gaskiya ya faɗa, ko da don kare kai ya faɗe ta.

Wani masani ɗan Amurka, Erwin Smith, shi ya fara bayyana ƙwayar a 1896, aka daɗe ana ɗaukarta abu ɗaya. Amma tun da wuri masu bincike suka lura cewa wadda aka ciro a jikin ayaba ba lallai ta kashe taba ba, wadda take cin dankalin turawa a wuri mai sanyi kuma halinta daban da ta tumatir a wuri mai zafi. Tana kama tsirrai sama da 200 daga dangogi fiye da 50, ciki har da gyaɗa da citta da gauta da tattasai. A shekarun 1960 aka gwada rarraba ta bisa shukar da take kamawa, aka kuma gwada bisa irin sukarin da take iya ci a kwalba. Duk biyun sun yi amfani a zamaninsu, amma ba su nuna wa ya haifi wa ba.

Da aka fara karanta DNA ɗinta ne abin ya fito fili. A 2005 Mark Fegan da Philippe Prior suka raba ta manyan dangogi huɗu da muke kira failotaif, kuma kowanne da inda asalinsa yake. Na ɗaya Asiya. Na biyu nahiyar Amurka, shi ma ya rabu gida biyu, A da B. Na uku namu ne na Afirka da tsibiran tekun Indiya. Na huɗu Indunusiya da kewayenta, a cikinsa ne ake samun mai kashe itacen kanumfari a Sumatra da mai sa cutar jini a ayaba. Nisan da ke tsakaninsu ba ƙarami ba ne. A ƙa'idarmu, in DNA ɗin ƙwayoyi biyu bai yi daidai da kusan kashi 95 cikin 100 ba, ba ma kiransu jinsi ɗaya, kuma na Asiya da na Amurka ba su kai wannan ba. Don haka a 2014 aka raba sunan uku: na Amurka ya riƙe Ralstonia solanacearum, na Asiya da na Afirka suka zama Ralstonia pseudosolanacearum, na Indunusiya Ralstonia syzygii. A ƙarƙashin dangogin huɗu kuma akwai ƙananan zuri'o'i da suka haura 50, waɗanda ake ganewa ta hanyar karanta ƙwayar gado guda ɗaya mai suna egl.

Kada ka ce tunda a Kano muke to na uku ne a lambunka. Ƙwayar ta yi yawo. Wadda aka fara karanta DNA ɗinta kaf a 2002, mai lamba GMI1000, a jikin tumatir aka ciro ta a Guyana ta Faransa, can Kudancin Amurka, amma da aka duba 'yar dangin Asiya ce. A 2003 wani reshe na dangi na biyu ya shiga ƙasar Amurka a jikin yankan furanni da aka kai daga Kenya. Wannan reshen, mai ruɓar da dankalin turawa, asalinsa tsaunukan Andes ne, irin dankali ya zaga duniya da shi, kuma abin mamaki duk inda aka same shi kusan DNA ɗinsa ɗaya ne. A nan maƙwabta, binciken da aka yi a Kamaru da Kwaddibuwa ya samu na ɗaya da na biyu da na uku duka a cikin ƙasa ɗaya. Gona ɗaya ma tana iya ɗaukar zuri'a fiye da ɗaya.

Me ya sa suka bambanta haka? DNA ɗinta kashi biyu ne, babba mai haruffa kusan miliyan 3.7 da ƙarami mai kusan miliyan 2.1, kuma tana da wata baiwa: tana iya tsintar guntun DNA na 'yar'uwarta da ta mutu a kusa da ita ta haɗa da nata. Sannan makamanta wasu furotin ne da take allurawa cikin jikin shuka don ta karya garkuwarta. Kowace zuri'a tana ɗauke da kamar 60 zuwa 70, amma jerin na wannan ba ɗaya ba ne da na waccan. Akwai gautar da take jure cutar saboda tana gane ɗaya daga cikin furotin ɗin nan ta tashi tsaye. In zuri'ar da ba ta da wannan furotin ɗin ta zo, sai ta wuce ba a gan ta ba.

Yanzu ga inda ya shafi gwangwaninka. Tumatir da aka fi dogara da shi a duniya wajen samar da iri mai juriya sunansa Hawaii 7996. Juriyarsa ba daga wuri ɗaya take ba. Babban kaso yana kan kuromosom, wato ƙunshin ƙwayoyin gado, na 12, kuma shi a kan dangin Asiya yake aiki. Wani kason yana kan na 6, shi ya fi faɗi amma kowane ɓangarensa bai kai wancan ƙarfi ba. Kamfanin da ya tace irinsa a gonakin Asiya, da cutar gonakin Asiya ya gwada shi, abin da ya gani kuma shi ya rubuta a gwangwani. Kai ka fi ni sanin wannan: rigar da ka yanka da awon wani, ko da yadin mai kyau ne ɗinkin ma mai kyau, in ƙaninsa ya sa tana iya ɗage masa. Wani bincike da aka buga a 2011 ya haɗa irin tumatir da gauta da barkono masu juriya da zuri'o'i daban-daban na ƙwayar, ba a samu ko iri ɗaya da ya jure dukkansu ba. A tsibirin Matinik na yankin Karibiyan kuwa, daga wajen 1999 wata sabuwar zuri'a ta dangi na biyu ta ɓulla, ta riƙa kwantar da tumatir ɗin da a da yake jurewa, har ta faɗa wa kankana da kokwamba.

Ni dai abin da yake ba ni haushi shi ne yadda ake rubuta “mai juriya” a jikin iri ba tare da an faɗi a kan wane dangi aka gwada ba. Kamfanonin sun san da wanne suka yi gwajin. Layi ɗaya ne za su ƙara.

Malamin gona mai ritaya, Hotoro:

Malama, Allah ya ƙara basira, na ƙaru. Amma ki bar ni in ja birki kaɗan, kada Malam Tela ya tafi da cewa an gama shari'a.

Duk abin da kika faɗa haka yake, sai dai babu wanda ya gwada ƙwayar lambunsa balle ta gonar Kura. Tana yiwuwa zuri'a ɗaya ce a wuraren biyu, ko ma a ce gonar Kura ba ta da ita sai kaɗan. Na yi aiki a wannan yankin. Yawancin filayen Kura da Kadawa da Garun Malam shinkafa suke sha da damina, ruwa ya kwanta a kansu watanni, wasu kuma alkama ko masara da rani. Ƙwayar nan ba ta kama waɗannan, kuma kwanciyar ruwan shinkafa tana rage ta. Lambun cikin gari kuwa ba ya hutawa, shekara da shekaru gauta na bin attaruhu, attaruhu na bin tumatir. Abin da Baba na Gama ya faɗa ke nan da nasa harshen. Ruwan rafi kuma ya ratsa lambunan mutane da yawa kafin ya iso naka, duk wanda ya tuge shuka mai cuta ya jefa a ciki ya aiko maka da saƙo.

Ga kuma tsutsar saiwa, wadda ido ba ya gani. Malam Tela, ka tuge guda ka duba ko saiwar ta yi ƙulle-ƙulle. In ta yi, to ƙofa ce aka buɗe wa bakteriya, kuma an san iri mai juriya yana faɗuwa in su biyun suka haɗu. Zafi ma haka. Juriyar tumatir tana raguwa idan ƙasa ta yi zafi ga danshi, shi ya sa cutar ta fi ɓarna a tumatir na bazara da damina, na hunturu kuma sau da yawa ya tsira. Kuma mai juriya ba yana nufin ba ya kamuwa ba ne. Ƙwayar tana shiga, shukar ce take takura ta a ƙasan kara. In ta yi yawa a ƙasa, sai ta fi ƙarfinta.

Saboda haka ni shawarata ba ta jiran sakamakon DNA. Tuge masu cutar da ƙasar gindinsu, a fitar da su daga lambun a ƙone, kada a zuba a rafi ko a kan taki. Fartanya da wuƙa a wanke da ruwan bilic kafin a shiga lafiyayyen fangali. A gyara hanyar ruwa yadda ba zai bi ta wurin cutar ya wuce gaba ba. Waɗannan fangalan kuma su huta da tumatir da duk danginsa, a sa masara da albasa da latas, a cire ciyayi don wasunsu suna ɓoye ta a saiwarsu ba tare da sun nuna alama ba.

Malamar ɗakin gwaji:

Ranka ya daɗe, ban ja da kai ba, duk waɗannan suna iya zama sanadi, suna ma iya haɗuwa. Inda na tsaya kawai shi ne gwajin ba ɓata lokaci ba ne, domin shi zai nuna masa irin da zai saya nan gaba. In dangin Asiya ne a lambun, to yawan ƙwayar da tsutsa da zafi ne suka kayar da irin, gyaran da ka lissafa zai sa irin nan ya yi masa aiki wata shekarar. In na biyu ne ko na uku, zai iya yin duk gyaran ya sake sayen gwangwani mai tsada ya sake kwana a ciki.

Kuma ba wani dogon aiki ba ne. Mukan shafa ruwan karan a farantin gwaji mai sinadarin TZC, bayan kwana biyu mai cutarwar ta fito fara mai yauƙi da ɗan ja-ja a tsakiya. Daga nan gwajin DNA guda ɗaya da ake kira PCR yake raba su, ya nuna ko dangi na ɗaya ne, ko na biyu, ko na uku, ko na huɗu.

Tela mai lambu, Kurna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na tuge na duba, wasu saiwoyin akwai ƙullin, wasu babu. Mai shago dai ya tsira daga bakina, amma zan gaya masa ya tambayi masu kawo masa kaya da wace cuta suka gwada. Tambaya biyu ta rage. Malama, yaya zan kawo samfurin, kuma ina? Malam na Hotoro, na ji ana cewa ana yi wa tumatir aure kamar mangwaro, shin yana maganin wannan?

Malamin gona mai ritaya, Hotoro:

Ana yi. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da ke Taiwan ta daɗe tana koyar da ɗora kan tumatir a gindin gauta mai juriya, kamar wadda suke kira EG203, kuma gindin gauta ya fi jure kwanciyar ruwa. Tun suna ƙanana ake yi, karan bai wuce kaurin tsinken ashana ba, a yanka a karkace a haɗa da ɗan bututun roba, a ajiye a inuwa mai danshi kamar mako guda. Wajen dashe kada mahaɗin ya taɓa ƙasa, in ba haka ba tumatir ɗin zai fitar da tasa saiwar cutar ta shiga. Amma maganar Malama ta shafi gautar ita ma, ba kowace ce take jure kowace zuri'a ba. Ka gwada a fangali ɗaya da ka san yana da cutar, layin aure kusa da layin da ba aure, kafin ka zuba kuɗi.

Malamar ɗakin gwaji:

Yaya, ka fara tambaya a sashen kare amfanin gona na Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Bayero, ko ka bi ta malaman gona na hukumar KNARDA ta jihar Kano su haɗa ka da cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru ko tashar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Bagauda. Ka tambayi kuɗin gwajin tun kafin ka ɗauko kaya. Ka ciro shuka biyar ko shida waɗanda suka fara langaɓewa, daga fangali daban-daban, har da gauta ko attaruhu in akwai mai alamar. Ƙasan kara da saiwa ake so. Kowanne a naɗe shi daban a takarda a rubuta daga inda ya fito, kada a ɗaure a leda a bar shi a rana, kada kuma a sa a firiza don ƙwayar ba ta son sanyi. Ka kai a ranar da ka ciro. Ka roƙi mijin yayarka shi ma ya aiko da biyu ko uku daga cikin 'yan kaɗan ɗin da suka mutu masa, a gwada su tare da naka.